Bulon ƙasa na inji ko bulon siminti? Ina neman shawarar waɗanda suka gwada

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. An gama mana fandishon gida mai ɗaki uku, saura tayar da bango. Mai zanen ya ce mu yi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wai ɗaki zai fi sanyi kuma ba sai an yi filasta ba. Maigidana ya fi natsuwa da bulon siminti. Sola dai mun riga mun gama maganarta, bangon ne ya hana ni barci. Don Allah wanda ya yi damina a irin wannan gida ya faɗa mini gaskiya.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa sola, ki haɗa da batirin litiyam, ya fi mai ruwan asid daɗewa.

Baban Walid: 'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah ki ji tausayin kuɗinki. Ni na gwada. Ranar da aka sauke bulon nan har hoto na ɗauka don kyau, jajir, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Damina ta biyu bangon da ruwa ke duka ya fara zuba. Kullum da safe sai an share jar ƙasa a gindinsa. Na janye kabad na tarar bayanta ya yi funfuna, na sa farce a bango ya shige. Mai bulon ya daina ɗaukar wayata. Ƙarshe filastar da aka ce ba na buƙata ita na yi, ciki da waje. Har yau in hadari ya haɗo gabana faɗuwa yake.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, Baban Walid. Amma abin da ka kwatanta aikin ha'inci ne. Ba a yinsa da ƙasar sama mai saiwoyi, sai an haƙa ƙasa an tankaɗe. Simintin da ake haɗawa da ƙasar yakan kama kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, sannan a lulluɓe bulon da leda yana shan laima, ya yi kamar kwana 28 kafin ya gama ƙarfi. Ga ledar hana laima a kan fandisho, ga bakin rufi da zai fito ya kare bango. Francis Kéré, wani mai zanen gine-gine, da irin wannan bulo ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga kwanon sama iska na ratsawa, kuma ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022. Wani dalilin da ya sa duniya ta juyo kan bulon ƙasa shi ne masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Baban Walid: Kwana 28? Nawa da ɗanshinsa aka kawo shi.

Tsohon Magini: Injiniya, da girmamawa, ku a takarda kuke gini. Mu da ke riƙe da cokali mun san bulon nan ba ya yafe kuskure. Layi ɗaya ya karkace kowa zai gani, tunda babu filastar da za ta rufa asiri. Magini nawa ne suka iya shi?

Injiniya: Baba, ai maganarka ta ƙara ƙarfafa tawa. Hannu ne matsalar.

Anti Rabi: Shekara huɗu ke nan muna cikin gidan bulon ƙasa. Da tsakar rana in na shigo na dafa bango sai in ji shi da sanyi, fanka kaɗai ta ishe mu. Sai dai da dare yakan saki zafin da ya sha, dole a buɗe tagogi. Kuma ya zo mana da sauƙi sosai, don a filin muka haƙi ƙasar.

Abu Sadik: Sauƙi kuma, Anti? Ƙanena da ya haɗa hayar inji da kuɗin tifa da na ƙwararren magini, ya zarce na siminti.

Ɗan Auta: Wato dai an gudu daga ginin ƙasa, an sa masa inji ya biyo mu da sunan zamani!

Baban Walid: Kai dariya kake. Ni abin da ya fi ci mini rai, wa ke duba masu sayar da kayan nan? Mai haɗa mini sola ma haka ya yi, ya nuna mini batiri sabo, ya ɗaura wani daban. Wata shida ya daina kai mu asuba.

Anti Rabi: Wallahi mu ma waya siririya aka ja mana daga fanel zuwa inbata, sai da muka ji ƙauri muka gane.

Maman Ihsan: Na gode muku. Anti Rabi, bakin rufinku nawa ya fito daga bango? Jibi magini zai zo.

Abu Sadik: Baban Walid, ka duba lambar jikin batirin, ta yi daidai da ta rasit ɗin?