Asabar uku ina fatsa a kogin Avon ko kifi ɗaya, a ina nake kuskure?

Mai tambaya: Salam yan uwa. Ina aiki a Salisbury nan Ingila, wani abokin aikina bature ne ya ja ni kamun kifin taraut, irin fatsar nan da ba a sa tana, sai a ɗaura ɗan gashi a ƙugiya ya yi kama da tsutsar ƙwaron ruwan da suke kira meflai. Ruwan garau, ina ganin kifin da idona yana kaɗa jela amma na jefa ya fi sau hamsin ko kallo ban ishe shi ba, shi kuwa mutumin a gefena ya ciro uku ya mayar. Abin ya fara ban haushi wlh.

Bakabe: Hhhh bawan Allah ka zo Argungu mu ba ka koma da gora, wane irin su ne a kama kifi a mayar?

Na Winchester: Ƙanena daga ina kake jefawa? In kana gaban kifin, ta inda ruwa ke gangarowa, to ya gan ka tun kafin ka gan shi. Ka tsaya bayansa, ka jefa gabansa kamar taku biyu ko uku domin tsutsar ta samu nutsewa ta iso daidai bakinsa, kuma ka bar ruwa ya kawo ta da kansa, da zare ya ja ta ko kaɗan ya gane ƙarya ce. Ka nemi wadda Frank Sawyer ya ƙirƙiro, mai gadin kogi ne a da a Avon ɗin nan naku wajen Netheravon, gashin jelar tsuntsun fezan ne kawai da siririyar wayar tagulla, wayar ce ke nutsar da ita. Ƙugiya lamba 16 ta isa, kar ka ce babba ta fi. Idan ta zo kusa da shi ka ɗan ɗaga sandar a hankali kamar tsutsar za ta gudu sama, nan ne yake kai cafka.

Mai tambaya: To Yaya ni fa jira nake in ji an fizga.

Na Winchester: Ashe nan gizo ke saƙar! Ba za ka ji komai ba, yana cafka yana tofarwa. Farin bakinsa za ka duba, da ya buɗe ya rufe ko ya ɗan goce gefe ka ɗaga. Ka sayi tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Na rantse ya sha ɗauka ba ka sani ba.

Anti daga Leeds: Ni dai ina fata ka yanki lasisin sandar fatsa na hukumar muhalli ta Environment Agency, tarar ba wasa. Kuma ka tambayi masu wurin, wasu sassan kogunan nan ba sa yarda da tsutsa a farkon kakar fatsa sai ƙwaron ƙarya mai yawo a saman ruwa.

Mai tambaya: Akwai lasisi Anti. Tabarau ne babu, kuma gaskiya farar riga nake sawa.

Na Winchester: Farar riga?? Cire ta tukuna.