Maigidana ba ya iya jure zafi tun da aka yi masa dashen fata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Tukunyar gas ta fashe da maigidana, ya ƙone a baya da ƙirji da hannun dama, likitoci suka ce kusan kashi 35 cikin 100 na jikinsa. An yanko fata a cinyoyinsa aka dasa, alhamdu lillahi ta kama. To amma tun shigowar bazara, da ya ɗan motsa a rana sai jiri da bugun zuciya. Fuska da ƙafafu sharkaf da gumi, bayan kuwa a bushe ƙayau, ga zafi rau in na taɓa. An auna jini, babu maleriya. Kafinta ne, a rumfar kwano yake aiki. Don Allah me ke damunsa?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar uwa. Kin san randa sai tana tsattsafo ruwan cikinta ke sanyi. Haka jikin mutum yake: gumi ya fito ya bushe, jijiyoyin jinin fata su buɗe, zafi ya fita. To tushen gumin a can ƙasan fata yake. Wuta ta cinye nasa, fatar da ake dasawa kuma yawanci saman-saman ake yankowa, ba ta zuwa da tushen. Jijiyoyinta ma ba sa buɗewa yadda ya kamata idan jiki ya ɗau zafi. Shi ya sa sauran jikin ke aikin biyu. Gwargwadon faɗin wurin, gwargwadon wahalar, kuma nasa ba kaɗan ba ne. Gara ki sani tun yanzu, ko bayan shekaru gumin wurin ba ya dawowa sosai. Cinyar da aka ɗebi fatar ita tana gumi idan ta warke.

Wata uwa: 'Yata, ki riƙa shafa masa man kaɗanya safe da yamma, ya kuma rufe wurin da riga mara nauyi, kada rana ta doke shi.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne Hajiya, man na rage bushewa da ƙaiƙayi, domin fatar ba ta fitar da maiƙo da kanta. Sai dai ba zai dawo da gumi ba.

Wani da ya taɓa ƙonewa: Malama, ni ma na ɗanɗana. Ya mayar da aikin ƙarfi bayan asuba da bayan la'asar, tsakar rana ya bar wa yaran shago. Ya jiƙa tawul ya yafa a baya, ya zauna inda iska ke kaɗawa, ruwan zai yi masa aikin gumin. Ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi. Kuma kada ya kwanta gaba ɗaya, motsa jiki kaɗan-kaɗan na sa jiki ya saba da zafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. To azumi fa? Ga kuma rigar matsi da maganin ƙaiƙayi da yake sha.

Ma'aikaciyar jinya: Duk waɗannan tambayoyi ukun, ku kai wa likitan da ya yi masa aikin. Wasu magungunan ƙaiƙayi na rage gumi, rigar kuma kada ya cire ta da ra'ayin kansa, ita ke hana tabon kumburowa. Amma in kin ga ya rikice, ko yana sambatu, ko ya suma, ki kai shi inuwa, ki kwara masa ruwan sanyi, ana yi masa fifita, ku wuce asibiti nan take. Zafin jiki ya kai digiri 40 a ma'aunin Celsius tare da rikicewa abu ne da ke kisa.