Ina neman kalma: me za a kira “compatibility” a darasin zanen gini da kwamfuta?

Maman Ilham, Samaru

Assalamu alaikum. Ina fassara takardar darasi ta yaran da za mu fara koya wa zanen gini da manhajar AutoCAD ranar Asabar, mai buga takardu kuma yana jira jibi Alhamis da safe. Yawancinsu yaran magina ne da kafintoci daga Samaru da Bomo da Palladan, hannunsu ya san aiki amma Turancin littafin kamfani ya fi ƙarfinsu. Babi na huɗu ne ya tsaya mini, wanda ke bayanin abin da ke sa babban fayil ya ƙi buɗuwa in an kai shi wata kwamfuta. Kalma biyu ce: “compatibility” da “system architecture”. Ta farko na sa mata “dacewa”, raina dai bai kwanta ba. Ta biyu kuwa in na ce “tsarin gini”, yaran za su ɗauka gidan da suke zanawa ake nufi. A taimaka don Allah, lokaci ya ƙure.

Sani Ɗan Kano

Jituwa. “Rashin jituwa tsakanin kwamfutoci.” An gama, a kawo ta biyu.

Hauwa, ɗalibar zanen gine-gine

Yaya Sani, jituwa ai ta kishiyoyi ce da 'yan siyasa. Ni dacewa ta fi kwanta mini. Ta biyun kuma “ƙirar kwamfuta”.

Sani Ɗan Kano

Ƙanwata, ki ce wa Bahaushe “ƙirar kwamfuta” ki ji in bai ce miki HP ko Dell ba. Mota ƙirar Toyota muka sani.

Injiniya Bashir, Kongo

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zaɓi kalma, a duba ko abu ɗaya ne ma ake wa suna. A ganina Turancin ne ya tara abubuwa a buhu ɗaya.

Abin da ya fi yawa a nan Zariya bai ma shafi cikin kwamfutar ba, zamanin fayil ne. DWG, wato nau'in fayil ɗin da AutoCAD ke ajiye zane da shi, ya sha canza zubi: akwai na 2007, na 2010, na 2013, sai na 2018 wanda sababbin AutoCAD ke ajiya da shi. Mai AutoCAD 2016 yana kan zubin 2013, don haka in aka ba shi na 2018 ba zai buɗe ba, amma mai sabuwar manhaja zai buɗe nasa lafiya lau. Maganinsa bai da wuya: mai sabuwar ya ajiye fayil ɗin a tsohon zubi kafin ya tura, ko a juya shi da DWG TrueView, wanda kyauta ne. Revit kuwa, wata manhajar zanen gini, ba ya komawa baya ko kaɗan. In an ajiye a na 2024, mai 2021 sai dai a fitar masa a IFC, wani zubin fayil da manhajojin zanen gini daban-daban ke karantawa, ya ga gini amma wasu abubuwan ba zai iya gyara su yadda mai shi ke yi ba.

Inda cikin kwamfuta ya shigo da gaske shi ne batun bit 32 da bit 64. Fayil ɗin bai san wace iri ce ta ajiye shi ba, DWG ɗaya ne. Matsalar wurin aiki ce. Windows mai bit 32 ba ta ganin RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai, sama da gigabait 4, kuma a al'ada kowace manhaja gigabait 2 kacal take samu. Zanen rukunin gidaje mai hoton fili a ƙarƙashinsa zai fara buɗuwa, ya kai rabi, kwamfutar ta daskare. Daga AutoCAD 2020 ma an daina fitar da na bit 32. Sai kuma Mac: tun da Apple ya fito da ƙwaƙwalwar M1 a 2020 ya bar tsarin Intel ya koma na ARM, Boot Camp da ake sa Windows a Mac da shi ya tafi, Revit kuma na Windows ne kaɗai.

To, wanne daga ciki za ki kira jituwa?

Malam Tanimu, Tudun Wada

Madalla da Injiniya. Sai dai ku duka kuna laluben abin da ke cikin aljihunku. Hausa tana da ɗafin da aka tanada don abu biyu masu mu'amala: so ya ba mu soyayya, ƙi ya ba mu ƙiyayya, ciniki cinikayya, aure auratayya. To karɓa fa? KARƁAYYA. Kwamfuta ta karɓi aikin 'yar'uwarta, karɓayya ke nan. In ta ƙi, rashin karɓayya. Kalma guda, ba aro, ba kame-kame, yaro ɗan aji uku zai gane. Na daɗe ina amfani da ita da ɗalibaina.

Sa'annan 'yata Maman Ilham, “fayil” ɗin nan da kike ta maimaitawa, kundi ya mutu ne? “Kwamfuta” kuma ina aka kai na'ura mai ƙwaƙwalwa? Muna neman kalma ɗaya alhali mun zubar da goma.

Hauwa, ɗalibar zanen gine-gine

Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗin faɗi. Amma soyayya daga ɓangare biyu take, cinikayya ma haka. Abin da Injiniya ya bayyana kuwa hanya ɗaya yake bi: sabo yana buɗe tsoho, tsoho ba ya buɗe sabo. In muka ce akwai karɓayya tsakanin 2016 da 2024, yaro zai ɗauka kowanne na buɗe na kowa, ya je wurin bugawa ya sha kunya. Jituwar Yaya Sani ma ciwonta ke nan.

Malam Tanimu, Tudun Wada

'Yata, sai a ce karɓayya mai ɓari ɗaya.

Sani Ɗan Kano

Ranka ya daɗe, in mai ɓari ɗaya ce ai ta tashi daga karɓayya, ta koma karɓa. Kuma na'urar da kake so a dawo da ita Balarabiya ce, sunan injin ɗebo ruwa ne a can. Manhaja ma haka. Aron da ya tsufa ne kawai ya zama ɗan gida. Amma fa ba mamaki, Zagezagin da ke cewa “mace ne” su za su gyara mana Hausa?

Malam Tanimu, Tudun Wada

Kai yaro, Hausar da kake rubutawa a ina aka buga ta? Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fitowa, 1939, Abubakar Imam na editanta. Kamfanin Gaskiya yana nan Tudun Wada, daga ƙofar gidana da ƙafa ake zuwa. Lokacin da ake zama ana tace kalmomi a nan, ku kuna Kurmi kuna kasa goro.

Sani Ɗan Kano

Ku kuka buga, Kananci kuka buga. Ko da me ka zo an fi ka, Malam.

Gwani, Ƙofar Doka

Ni abin da ya ɓata mini rai daban ne. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara, bakan gizonsa har yau ɗaliban jami'a na zuwa aunawa, a ce a nan ne aka rasa sunan abu a harkar gini? Magina suna da kalmominsu, ba a tambayarsu ne. In azara ta zauna daidai a gurbinta cewa muke ta zauna, in ba haka ba ta ƙi zama. Ba mu taɓa buƙatar dogon suna ba.

Maman Ilham, Samaru

Don girman Allah Baba Malam da Yaya Sani, a ajiye wasan taubasantaka sai bayan Alhamis. Baba Gwani, na rubuta “zama”.

Awwalu mai buga zane, PZ

Anti, ni ba malami ba ne, amma kan injin buga manyan zane nake wuni. Ba wanda ya taɓa shigowa shagona ya faɗi sunan abin. Aikatau suke kawowa. “Bai buɗu ba.” “Manhajar ba ta hau ba.” “Kwamfutar ba ta ɗauka.” In zamanin fayil ne, “sauke mini shi zuwa 2013”. Kuma kowace tana gaya mini inda zan duba tun kafin in karɓi filashin.

Akwai wadda Injiniya bai faɗa ba, ita ce ta fi cin rai lokacin miƙa aikin ƙarshen zango. Ɗalibi zai zo da gudu, fayil ya buɗu, amma tsakiyar takardar fayau, sai wani ɗan rubutu a inda taswirar fili ya kamata ta fito. Taswirar ba cikin fayil ɗin take ba, jingina ta aka yi daga wani fayil da ke kwance a kwamfutarsa a hostel, zanen kuma yana neman ta a hanyar da babu ita a tawa. In daga Mac ya zo, rubutun hanyar ma daban ne. Haka haruffa: ya rubuta “ƙofa” da “ɗaki” da wani salon rubutu da ba ni da shi, tawa ta musanya da wanda bai san ƙ da ɗ ba, sai ka ga “?ofa” da “?aki” a kowane lungu na gidan. Shi ya sa nake ce musu su yi eTransmit, yana tattara zanen da duk abin da ya jingina da shi a ƙunshi ɗaya. In bugawa ce kawai, su kawo PDF mu huta.

Filashi ma da nasa. Da yawa a tsarin ajiya na FAT32 suke zuwa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da filashin mai 64 ne kuma ba komai a ciki. Sai a mayar da shi exFAT, wanda Windows da Mac duk ke karantawa su rubuta. A kwashe kaya tukuna, don yana share komai. NTFS kuwa Mac na karantawa amma ba ta rubutu a kai. Wannan “bai shiga ba” muke ce masa.

Injiniya Bashir, Kongo

Awwalu ya yi mini gaba. Hajiya, ki lura “buɗuwa” da kanta tana ɗauke da ma'anar yiwuwa, kamar gyaruwa da ɗinkuwa. “Ba ya buɗuwa a 2016” jimla ce cikakkiya, ta faɗi abin, ta faɗi wurin, ta kuma nuna wanda ya gaza. Suna guda ba zai yi wannan aikin ba. A kan babi kaɗai kike buƙatarsa, a nan kuma dacewa ta isa, don tana iya bin hanya ɗaya. A asibiti ana cewa jinin mai O ya dace da na wane, alhali na wanen bai dace da shi ba, kowa kuma ya gane.

Ta biyun ki ce “tsarin cikin kwamfuta”, ki biyo da misali nan take, bit 32 ko 64, Intel ko ARM. Kalmar gini kada ta kusanci wurin.

Malam Tanimu, Tudun Wada

Dacewa! Kalmar da ake sa wa hula da riga, da miji da mata, da wanda ya ci sa'a. In kalma ta yi aiki ko'ina, ba ta da aikin kanta. Wannan lalaci ne ya sa har yau muke cewa intanet. Ku rubuta ku ajiye, karɓayya za ta shiga ƙamus ko bayan raina.

Hauwa, ɗalibar zanen gine-gine

Allah ya ja kwana Malam. Amma har yanzu ba a ce komai kan “backward compatibility” ba, kuma na tabbata tana cikin babin.

Sani Ɗan Kano

Waiwaye. Manhaja mai waiwaye.

Awwalu mai buga zane, PZ

Yallaɓai, in ka ce wa yarana waiwaye za su juya su dubi ƙofa. “Yana buɗe tsoho” kawai.

Maman Ilham, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda zan kai gobe. Kan babi: “Dacewar fayil da kwamfuta”. Cikin bayani zan bi Awwalu da Injiniya: fayil ya buɗu ko bai buɗu ba, manhaja ta hau ko ba ta hau ba, kwamfuta ta ɗauka ko ta kasa, fayil ya shiga filashi ko bai shiga ba. “Tsarin cikin kwamfuta” ya zauna, duk da tsayinsa ya ɓata mini jadawali. Ta Hauwa ban sami suna ba, na rubuta “sabuwar manhaja tana buɗe tsohon fayil, tsohuwa ba ta buɗe sabo”, na ja layi a ƙarƙashi. Fayil zai tsaya fayil, Baba Malam a yi haƙuri, kundi a wurin yaran nan abin da ake ɗaurewa da igiya ne.

Malam Tanimu, Tudun Wada

Ban yarda ba, amma takardarki ce. Ki sa karɓayya a ƙasan shafi, ko da ƙananan haruffa, ki ce wasu malamai na cewa haka.

Sani Ɗan Kano

“Wasu malamai” ko wani malami?

Maman Ilham, Samaru

Zan sa, Baba, in shafin ya ɗauka. Awwalu, ka duba saƙo, ina son hoton zanen nan mai “?ofa” don shafi na gaba, amma ka rufe sunan ɗalibin.