Gauraka a gidajen masu kuɗi: wai ba su isa a ce irin ya tsira ba?

Mai Tattabaru, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Muna ta musu da ƙanena da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ya ce gauraka, tsuntsun da ake cewa shi ne alamar Najeriya, ya kusa ƙarewa a dajinmu. Na ce masa a nan Katsina na san gidajen manya da ake kiwonsa tare da ɗawisu, to me zai hana su hayayyafa a mayar daji? Sai ya ce wai jininsu ya yi kusa. Ni dai na san tattabaruna daga aure biyu na fara, yanzu sun cika akurki, kodayake baragurbi ya yi yawa bana. Masana a warware mana.

Malamin Kimiyya, Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, baragurbin nan naka shi ne amsar. Kowane tsuntsu yana gadon ƙwayoyin halitta biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai lahani kan ɓuya muddin ɗayar lafiyayya ce. Idan dangi na bin dangi, sai masu lahanin su haɗu, kamar yadda AS da AS kan haifi mai sikila. A tsuntsu abin da ake fara gani shi ne ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, ko ɗan tsako ya fito ba ƙwari. Kuma idan cuta ta zo, tunda garkuwar jikinsu iri ɗaya ce, sai ta kwashe su gaba ɗaya.

An gani a jihar Illinois ta Amurka. Wata kazar daji ta ragu ba ta kai 50 ba a farkon shekarun 1990, ƙyanƙyasa ta faɗo ƙasa da kashi 80 cikin 100. Ba magani aka ba su ba. Daga 1992 aka riƙa kawo 'yan uwansu daga Minnesota da Kansas da Nebraska, ƙyanƙyasa ta koma sama da kashi 90. Babbar ungulun Kalifoniya kuwa 27 suka rage a 1987, aka kame su duka. Yanzu sun haura 500, amma suna ɗauke da wata cutar ƙashi ta gado da ke kashe ɗan tsako lokacin ƙyanƙyasa, shi ya sa ba a haɗa mace da namiji sai an duba littafin asali. Gaurakan gidajen Alhazai wa ya rubuta asalinsu? Yawancinsu ma daga daji aka kamo su, an fige musu fiffike, ba sa ko yin ƙwai. Ragi ne aka yi wa daji, ba ajiya ba.

Hajiyar Mai'adua:
Malam, ni ungulu ce ta dame ni. Muna yara, kwata ba ta rabuwa da ita, yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. Wannan ba auren dangi ya jawo ba, masu sayar da kan ungulu ne a kasuwa.

Malamin Kimiyya, Daura:
Gaskiyarki Hajiya, farauta da guba ne suka fara. Tun 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa, ga shi ƙwai ɗaya take yi a shekara. Matsalar jini daga baya take zuwa, idan 'yan tsirarun da suka rage a wani gari sun daina haɗuwa da na wani gari.

Mai Tattabaru, Ƙofar Marusa:
Allah Ya ƙara sani, Malam. Wato maza zan canja. Akwai wanda ya san mai tattabaru masu kyau wajen Jibiya ko Maraɗi mu yi musaya?