Hoton sojan da ya ji rauni: a nuna ko a suturta?

Malamin makaranta, Mabera: Ni dai ina nan kan bakana: hoton sojan da aka harba, yana kwance jina-jina, bai kamata a ɓoye shi ba. Gwamnatoci sun fi kowa sanin ƙarfinsa. Amurka ta hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojinta a sansanin Dover tun 1991 har 2009, don kada talaka ya ga abin da yaƙi ke ci.

Hajiya, Runjin Sambo: Malam, ƙanena soja ne a Barno. Lokacin harin da aka kai wa sansanin sojoji na Metele a 2018, Innarmu ta kwana riƙe da waya, tana buɗa hotunan da yatsu biyu, tana duban fuska ɗaya bayan ɗaya ko za ta ga ɗanta. Allah ya tsare shi, amma wata uwar a haka ta gane nata. Ina suturar da addini ya ce a yi wa mamaci?

Malamin makaranta: Wallahi na ji miki, Hajiya. Amma ana iya nunawa ba tare da tozartawa ba. A 1943 mujallar Life ta buga hoton gawarwakin sojojin Amurka uku kwance a gaɓar tekun Buna, a tsibirin New Guinea, ba fuskar ko ɗaya da ta fito, kuma jama'a suka girgiza.

Ɗalibi, Jami'ar Danfodiyo: Malam, wancan ɗan jarida ne ya ɗauka. Namu yawanci 'yan ta'adda ke ɗauka su watsa don karya zuciyar sojoji, mu kuma mu taya su turawa. Ko yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta hana a baje fursunan yaƙi ya zama abin kallo.

Tsohon soja, Gawon Nama: Yarana, duk ranar harbin kuke magana. Hoto na kama jini da makara, shi ke nan. Wa ke zuwa bayan shekara biyu, lokacin da ƙafar roba ta fara goge dungun, mutum ba ya barci, ƙofa ta buga ya zabura? Ku zo ku ɗauki wannan, ni na yarda, har da fuskata.

Hajiya: Baba, kai da bakinka ka yarda. Wanda ke kwance cikin jini fa, wa ya tambaye shi?