Don Allah a ba ni shawara, maigidana na karɓar dafin maciji wai riga-kafi

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Rigasa muke, maigidana yana noma wajen Birnin Yero. Bara lokacin girbi kububuwa ta sari ƙaninsa, wanda shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, har kuɗin aurensa an kai. Jini ta dasashi, jini a fitsari, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga nan baya barcin kirki. Yanzu wani gardi yake masa tsaga a hannu duk Juma'a, yana shafa baƙin gari wai da dafi a ciki, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Jiya hannun ya kumbura, agogo ma ya ƙi shiga. In bar shi ya ƙarasa ko yaya?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Kakanmu an masa irinsa, da hannu yake kama gamsheƙa. Kumburin alamar magani na aiki ne.

Abu Hanan: Baban Ummi ka ji tsoron Allah. Hajiya, aikin jinya nake, a kai shi asibiti yau. Me ke cikin garin nan, kin sani? Idan da dalma a ciki, jiki baya sabawa da ita, taruwa take yi. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ga reza, ga tetanus, ga ciwon hanta.

Hajiya Inna: Asibitin da za ka je a ce babu allurar makarin dafi, ka sayo a waje? Ɗan yayata sai Kaltungo aka kai shi, can jihar Gombe, mun sayar da tumaki biyu. Dangin ubansa ko sisi, amma ranar rabon gado su ne a gaba.

Baban Ummi: To Malam, ita allurar taku ba da dafin ake yi ba?

Abu Hanan: Da shi ake yi, amma doki ko tunkiya ake yi wa, a ɗebi jininsu a tace makarin. Mutanen da suka gwada a jikinsu akwai su. Bill Haast na Amurka ya fara a 1948, ya rasu 2011 yana da shekara 100, sai dai an sha kwantar da shi rai a hannun Allah. Tim Friede kwana 4 ya yi a sume a 2001. Kuma sabawa da dafin gamsheƙa baya kare ka daga kububuwa, aikinsu daban ne. Takalmin roba mai tsawo da tocila sun fi masa wannan.

Maman Khalifa: Malam ba ka ga gawar yaron ba ne. Kuma gardin nan ba ɗan damfara ba ne, surukata ta san gidansu. Ni na biya da kuɗin adashina, saura zama uku.

Abu Hanan: To shawara kika zo nema ko shaida?

Ummu Sadiq: A bi ta a hankali mana. Yaya, ki dage da azkar na safe da yamma, ki sa Hajiyarsa ta masa magana, maza ba sa jin ta mata.

Maman Khalifa: Ai Hajiyar ce ta kawo gardin. Ni dai abin da zan shafa kumburin ya sauka kafin Juma'a nake tambaya.

Hajiya Inna: Man shanu.

Abu Hanan: Innalillahi. Akwai zazzaɓi ko babu? Maman Khalifa?