Tambayoyi masu amsa fiye da ɗaya suna kayar da ni

'Yar Argungu:
Salamu alaikum. Ina aikin jinya a Birnin Kebbi, ina shirin jarabawar NCLEX ta samun lasisin jinya a Amurka. Sai na tashi aiki da dare nake gwaji a waya. Tambayoyin da ake cewa a zaɓi duk amsar da ta dace ne matsalata. Jiya aka tambayi alamomin faɗuwar sukari, na zaɓi gumi da karkarwa da yunwa, sai tsoro ya sa na ƙara zaɓar yawan fitsari. Don Allah ya zan yi?

Malamar jinya, Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawan fitsari na hauhawar sukari ne. Ki rufe sauran amsoshin da yatsa, ki dubi ɗaya kawai: gaskiya ce ko a'a? Tun Afrilun 2023 kowace amsa daidai tana da makinta, kuskure kuma a cire miki maki ɗaya. Wadda ba ki tabbatar ba, ki bar ta.

Ɗan Jega:
Ki riƙa gwaji da agogo. Jarabawar awa 5 ce, tambayoyi 85 zuwa 150.

'Yar Argungu:
Na gode Anti, yau zan gwada rufewar.